Sensa da na'urori masu aika bayanai a harkar wasanni: tambayoyi da amsoshi

Duk mai kallon ƙwallo a 'yan shekarun nan ya saba da wasu abubuwa. Ɗan wasa ya ci ƙwallo ya tuɓe riga, sai ga wata 'yar baƙar singileti ta ɗame masa ƙirji. Alƙalin wasa ya dubi agogonsa kafin ya nuna tsakiyar fili. An soke ƙwallo don kafaɗar wani ta ɗara ta wani da abin da bai kai faɗin yatsa ba. Duk aikin ƙananan na'urori ne masu awo suna kai rahoto nan take. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansu.

Mece ce sensa, kuma da me take haɗe?

Sensa 'yar ƙaramar na'ura ce mai aiki ɗaya tak: ta ji wani abu, ta mayar da shi lamba. Wata motsi take ji, wata zafi, wata bugun zuciya, wata danshin ƙasa. Wayar hannunka ma cike take da su. Wadda ke juya maka hoto idan ka kwantar da wayar, danginta ne ke cikin rigar ɗan ƙwallo.

Awo da lantarki a wasa ya daɗe. Tun gasar Olamfik ta 1936 a Berlin ake amfani da lantarki wajen tantance wanda takobinsa ya fara taɓa abokin karawa, kuma kamfanin Polar na ƙasar Finland ya fito da na'urar auna bugun zuciya marar waya tun 1982. Sabon abin shi ne haɗin. Yanzu sensa tana aika abin da ta ji ta Bluetooth ko ta rediyo zuwa kwamfutar da ke gefen fili, daga nan zuwa rumbun bayanai a intanet, tun ɗan wasan bai gama share gumi ba.

Wannan 'yar singileti da 'yan ƙwallo ke sawa a ciki, ta mece ce?

Singiletin kanta mariƙi ce kawai. Juya ta baya za ka ga ɗan aljihu daidai tsakanin kafaɗu biyu, a ciki akwai na'ura da ba ta fi akwatin ashana girma da wani abin kirki ba. An zaɓi wurin ne don ya fi fuskantar sama, inda taurarin ɗan'adam suke, kuma ba kasafai duka ke sauka a nan ba. An ɗame rigar ne don kada na'urar ta riƙa lilo, domin in ta yi lilo za ta rubuta motsin da mutumin bai yi ba.

Abubuwa da dama ne a cunkushe a ciki. Akwai GPS mai faɗin inda ɗan wasa yake, yawanci sau 10 a kowace daƙiƙa. Akwai mai jin zabura da birki da karo, ita kuwa takan yi awo kamar sau 100 a daƙiƙa. Akwai mai jin juyawar jiki. Sau da yawa ana haɗa ta da abin auna bugun zuciya. A zauren da ke da rufi, kamar na ƙwallon kwando, GPS ba ya kamawa, sai a kafa eriya kewaye da zauren su maye gurbin taurarin. In an tashi daga atisaye, sai a tara na'urorin a jera su cikin wani akwati mai ramuka, suna caji suna sauke bayanai a lokaci guda. Catapult na Ostireliya da STATSports na Arewacin Ireland na cikin kamfanonin da suka fi suna a wannan fanni. Da can a atisaye kaɗai ake sa su, sai a 2015 hukumar IFAB mai tsara dokokin ƙwallon ƙafa ta amince a shiga da su wasa.

Mai kallo yakan tambayi kilomita nawa wane ya ci. Ƙwararren ɗan wasa yakan yi 10 zuwa 12 a wasa ɗaya, 'yan tsakiya su ne kan gaba. Amma masu horarwa ba nan suka fi zuba ido ba. Abin da ke damunsu shi ne nawa ne daga ciki aka yi da gudu mai ƙarfi, wato sama da kilomita 20 a awa, nawa ne aka yi a guje ƙwarai, sama da 25, da kuma sau nawa mutum ya taka birki kwatsam. Birkin nan shi ke cin tsoka. Mutum biyu za su iya yin kilomita 11 kowannensu, ɗaya ya tashi garau washegari, ɗaya kuwa cinyarsa ta yi tsami har kwana uku.

To ke nan tana hana jin rauni?

Tana taimakawa, amma a yi hattara da masu cika baki. Amfaninta na gaske shi ne nuna nauyin aikin da aka ɗora wa jiki. Idan ɗan wasa ya dawo daga jinya bayan wata biyu, ba a so a jefa shi cikin gudun da tsokar bayan cinyarsa ta manta da shi. Da lambobin nan ake ƙara masa aiki kaɗan-kaɗan, har a ga ya koma gudunsa na da kafin a ce ya shiga wasa. Haka kuma idan aikin wannan mako ya ninka abin da mutum ya saba yi a makonnin baya, likitan ƙungiya yana da hujjar da zai riƙe ya je wurin koci. A da magana ce ta fatar baki, yanzu akwai takarda.

Sai dai na'urar ba ta san mutum bai yi barci ba saboda ɗansa na asibiti. Ba ta san cewa a minti na 70 wani zai taka masa idon sawu ba. Kuma ko ta yi gargaɗi, wa zai saurara? A watan Satumba na 2024 Rodri na Manchester City ya fito fili ya ce wasanni sun yi wa 'yan wasa yawa har suna dab da yajin aiki. Kwanaki kaɗan bayan haka jijiyar gwiwarsa ta tsinke a wasa da Arsenal. Ba wanda zai iya rantsuwa cewa gajiya ce ta jawo, amma ƙungiyoyin da suka fi kowa kayan awo su ne dai ke buga wasa duk bayan kwana uku. A ganina matsalar ta tashi daga rashin sani, ta koma rashin son hutar da wanda ake cin wasa da shi.

Za ta iya sanin zuciyar ɗan wasa na shirin tsayawa?

A'a, kuma wannan amsa ce da ya kamata kowa ya riƙe da kyau. Abin da ke cikin singileti yana ƙirga bugun zuciya ne don sanin wahalar aiki. Gano ciwon zuciya aikin asibiti ne, da gwajin lantarkin zuciya da hotonta.

Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a fili a birnin Lyon a watan Yuni na 2003, bai tashi ba. Christian Eriksen na Denmark ya faɗi a Copenhagen ranar 12 ga Yuni, 2021, ya rayu, saboda an kai gare shi cikin gaggawa, an danna masa ƙirji, an kuma sa masa na'urar da ke farfaɗo da zuciya da lantarki. Daga baya aka dasa masa wata ƙaramar na'ura a ƙirji, mai sauraron zuciyar dare da rana, ta kuma daidaita ta in ta rikice. Dokar Italiya ba ta yarda a buga gasa da irin wannan na'ura ba, don haka ya rabu da Inter Milan, ya koma Brentford a Ingila a farkon 2022, ya ci gaba da taka leda.

Yaya alƙalin wasa ke sanin ƙwallo ta haye layin raga?

Labarin ya samo ƙarfi ne daga Kofin Duniya na 2010 a Afirka ta Kudu. Frank Lampard na Ingila ya buga, ƙwallo ta daki sandar sama, ta sauka can cikin ragar Jamus, ta dawo waje. Duniya duka ta gani ban da alƙalin wasa da mataimakinsa. Jamus ta ci 4 da 1. A watan Yuli na 2012 IFAB ta amince da fasahar layin raga, gasar Firimiya ta fara amfani da ita a kakar 2013/14, sannan Kofin Duniya na 2014 a Brazil.

Tsarin da aka fi amfani da shi na kyamara ne: guda 14 a saman filin, 7 na kallon kowace raga. Kwamfuta tana haɗa abin da suka gani ta fitar da ainihin inda ƙwallon take. In ta haye layi dukanta, agogon alƙalin wasa zai yi rawa a hannunsa cikin daƙiƙa ɗaya. In ba ta haye ba, shiru. A watan Janairu na 2019 John Stones ya share wata ƙwallo daga bakin ragar Manchester City saura kimanin milimita 11 ta gama shiga. City ta doke Liverpool 2 da 1 a ranar, ta kuma ɗauki kofin kakar da tazarar maki ɗaya.

Da gaske ne ana yi wa ƙwallo caji?

Gaskiya ne. Ƙwallon Al Rihla da Adidas ya yi don Kofin Duniya na 2022 a Katar tana ɗauke da sensa a tsakiyar cikinta, an ɗaure ta ta kowane ɓangare don kada ta karkata nauyin ƙwallon. Tana aika bayani sau 500 a daƙiƙa, kuma tana da batir, saboda haka kafin wasa sai an yi wa ƙwallayen caji.

Babban aikinta shi ne faɗin ainihin lokacin da ƙafa ta taɓa ƙwallo, domin hukuncin satar gida a kan wannan lokacin ya rataya. Kyamarori 12 a ƙarƙashin rufin filin suna bin wurare 29 a jikin kowane ɗan wasa sau 50 a daƙiƙa. Ƙwallo ta faɗi lokaci, kyamara ta faɗi inda kowa yake, sai kwamfuta ta sanar da alƙalan ɗakin bidiyo, su duba su tabbatar. Ita ce kuma ta raba gardama a wasan Fotugal da Uruguay, lokacin da Cristiano Ronaldo ya yi murna yana ganin gashin kansa ya shafi ƙwallon da Bruno Fernandes ya ɗago. Sensar ba ta ji wani taɓi ba, aka bar wa Fernandes ƙwallonsa. Ba kowace gasa ce ke sa sensa a ƙwallo ba. Firimiya da ta fara irin wannan hukunci na satar gida a watan Afrilu na 2025, da kyamara kaɗai take yi.

Na'urorin nan suna kuskure?

Suna yi. A watan Yuni na 2020 golan Aston Villa ya faɗa cikin ragarsa riƙe da ƙwallo a wasa da Sheffield United, agogon alƙali bai motsa ba. Kamfanin Hawk-Eye, mai tsarin kyamarorin layin raga, ya ba da haƙuri, ya ce gola da mai tsaron baya da sandar raga sun tare wa kyamarorin gani. Aka tashi babu ci, kuma a ƙarshen kaka Villa ta tsira daga faɗuwa da maki ɗaya. A gasar tanis ta Wimbledon ta 2025, shekarar da aka sallami alƙalan layi aka bar wa na'ura aikin, an kashe tsarin bisa kuskure ana tsakiyar wani wasa, ƙwallo ta fita a fili ba a kira ba.

Abin lura a duka biyun shi ne mutanen da ke wurin sun ga abin da idonsu, amma sun saba jiran na'ura har suka kasa gaskata ganinsu. Wannan ya fi kuskuren na'urar tayar mini da hankali.

In har ana awo haka, me ya sa rigimar alƙalanci ba ta ƙare ba?

Saboda tambaya iri biyu ce a wasa. Akwai wadda amsarta e ko a'a ce: ta haye layi? Wa ya fara taɓa bango? A nan na'ura ta fi ido nesa ba kusa ba, kuma da wuya ka ji mai kukan fasahar layin raga. Akwai kuma wadda sai an yi hukunci: da gangan ya sa hannu? Turin ya kai a busa?

Dubi wasan Jamus da Denmark a gasar Turai ta 2024. Joachim Andersen na Denmark ya ci ƙwallo, aka soke saboda ɗan yatsan ƙafar abokin wasansa ya yi satar gida. Ba a jima ba ƙwallo ta shafi hannun shi Andersen ɗin a cikin da'irarsu, sensar ciki ta nuna taɓin, aka ba Jamus fenariti. Awon duka biyu daidai ne. Abin da mutane suka yi ta muhawara a kai shi ne ko don irin wannan aka kafa dokar tun asali. Dokar satar gida an yi ta ne don hana mutum ya je ya tare a bakin raga yana jira, a zamanin da ido ne ma'auni. Da aka kawo ma'aunin milimita, sai dokar ta fara kama abin da ba don shi aka yi ta ba.

Haka yake a tsere. Katakon da mai gudu ke tokarawa yana jin matsin ƙafa, kuma doka ta ce duk wanda ya motsa ƙasa da kashi 1 cikin 10 na daƙiƙa bayan ƙarar bindiga ya yi riga malam masallaci. A gasar duniya ta 2022 a Eugene an kori Devon Allen daga wasan ƙarshe na tsallake shinge don ya motsa a 0.099. Na'urar ba ta yi ƙarya ba. Mutane ne suka ajiye iyakar a 0.100, kuma su ne za su iya sake duba ta.

Ban da ƙwallon ƙafa fa?

Wasu wasannin ma sun riga ta. Hawk-Eye a kurket ya fara, a talabijin, a 2001, kafin ya shiga tanis. A ninkaya allon da ke jikin bango ne ke tsayar da agogo, shi ya ba Michael Phelps zinare a kan Milorad Čavić da tazarar 0.01 a Beijing a 2008. A tseren mita 100 na Olamfik ɗin Paris a 2024, kyamarar Omega mai ɗaukar hoto 40,000 a daƙiƙa ce ta raba Noah Lyles da Kishane Thompson da 0.005. A gudun fanfalaki akwai 'yar na'ura a bayan lambar da ke ƙirjin kowa, ana shimfiɗa tabarmar awo a wurare daban-daban a hanya, wanda ya yanke hanya sai a ga babu sawunsa. A ƙwallon Amurka ta NFL akwai sensa a cikin kariyar kafaɗar 'yan wasa da cikin ƙwallon. Motar tseren Formula 1 tana ɗauke da sensa wajen 300.

Wani lokaci kuma hana su ake yi. Hukumar tseren keke ta duniya ta haramta sa na'urar auna sukarin jini a lokacin gasa, har ta ƙwace wa Kristen Faulkner matsayi na uku a tseren Strade Bianche na 2023 saboda an gan ta da ita a hannu.

Wace na'ura ce ta fi amfani ga lafiyar ɗan wasa?

In ni za a tambaya, robar kare haƙori ta 'yan zari-ruga. Buguwar ƙwaƙwalwa mugun rauni ne mai ɓuya. Mutum zai sha karo, ya miƙe, ya ce lafiyarsa ƙalau, domin ba ya so a cire shi, alhali komawa fili a wannan hali na iya jawo lahanin da ba ya gyaruwa. Daga farkon 2024 hukumar World Rugby ta shigar da roba mai sensa cikin tsarin duba raunin kai a manyan gasanninta. An zaɓi baki ne saboda haƙoran sama a manne suke da ƙoƙon kai, duk yadda kai ya girgiza haka robar za ta girgiza, saɓanin hula ko fata da ke zamewa. In karo ya wuce wani mizani, saƙo zai tafi wurin likitan da ke gefen fili, a fito da ɗan wasan a duba shi ko da ya ce ba komai.

Robar ba ta cewa ƙwaƙwalwa ta bugu. Cewa take a duba wannan, likita ne mai yanke magana. Wannan rabon aiki shi ne daidai, kuma da haka ake yi a ko'ina da an huta.

A Formula 1 ma akwai sensa a cikin safar hannun direba mai aika bugun zuciyarsa ga likitoci. Lokacin da motar Romain Grosjean ta rabe biyu ta kama da wuta a Bahrain a watan Nuwamba na 2020, na'urorin motar ne suka nuna ƙarfin karon ya kai ninki 67 na nauyin jiki. Da irin waɗannan bayanai ake gyara shinge da motoci.

Shi kansa filin wasan fa?

A ƙarƙashin ciyawa akwai masu auna danshi da zafi, su ke faɗin lokacin ban ruwa da inda ke buƙatar fitilar da ke maye gurbin rana. Filin Johan Cruyff da ke Amsterdam ya yi suna a nan, har yana da rumbun wuta da aka haɗa da baturan motocin lantarki a 2018. Ƙofofin shiga suna ƙirga mutane, kyamarori suna nuna inda cunkoso ke taruwa. Duk wanda ya san abin da ya faru a filin wasa na Hillsborough a Ingila a 1989, inda turmutsitsi ya yi sanadin mutuwar magoya bayan Liverpool 97, ba zai raina na'urar da ke cewa wannan ɓangaren ya cika ba. Sai dai kyamarar da ke ƙirga kawuna tana iya gane fuska, tikitin waya kuma yana faɗa wa masu filin ko kai wane ne, yaushe ka shigo, me ka saya.

Bayanan jikin ɗan wasa, na wa ne?

Nan ne gizo ke saƙa, kuma tambayar ta fi duk na baya nauyi. Bugun zuciyar mutum, da awannin barcinsa, da yadda gudunsa ke raguwa shekara bayan shekara, sirrin jikinsa ne. Amma na'urar ta ƙungiya ce, rumbun bayanan na kamfani ne, gasar kuma tana da nata haƙƙin sayarwa. Ka ɗauki ɗan wasa mai shekara 31 da kwantiraginsa ke ƙarewa. Ya sa rigar ne don a kare shi daga rauni. Ranar tattaunawa sai a buɗe kwamfuta a nuna masa cewa gudunsa ya ragu, don haka albashi zai ragu. An ɗauki abin da ya bayar bisa amana an yi ciniki da shi a kansa.

'Yan ƙwallon kwando na NBA sun hango wannan. A yarjejeniyarsu ta 2017 sun sa an rubuta cewa sa irin waɗannan na'urori ganin dama ne, kuma ba a yarda ƙungiya ta yi amfani da bayanansu wajen cinikin kwantiragi ba. A Birtaniya tsohon koci Russell Slade ya jagoranci ɗaruruwan 'yan ƙwallo a wani yunƙuri mai suna Project Red Card tun 2020, suna ƙalubalantar kamfanonin da ke cin kuɗi da bayanansu ba da izininsu ba. A 2022 ƙungiyar 'yan wasa ta duniya, FIFPRO, ta fitar da kundin haƙƙin ɗan wasa a kan bayanansa: ya san me ake tarawa, ya iya gani, ya iya tafiya da shi in ya sauya ƙungiya.

Takobin kaifi biyu gare shi. A 2021 Kevin De Bruyne ya ɗauki masana bayanai suka auna masa gudummawarsa, ya zauna da Manchester City ba tare da dillali ba, ya sa hannu a sabon kwantiragi. Amma De Bruyne nawa ake da su? Yaro ɗan shekara 16 a makarantar horarwa, wanda aka miƙa wa takarda aka ce sa hannu, ba shi da bakin cewa a'a. Shi ne ya fi buƙatar doka ta tsaya masa.

Akwai kuma kamfanonin caca, waɗanda ke cikin manyan masu sayen bayanan wasa na nan take, domin da su suke buɗe caca a kan kowane minti. Bayanin wanda ya ci ƙwallo kowa ya gani. Na wanda cinyarsa ke ciwo kuwa, bai kamata ya kusanci wannan kasuwa ba ko kaɗan.

Ana iya yi musu kutse?

Duk abin da ke haɗe da intanet yana da ƙofa. A daren buɗe Olamfik ɗin hunturu na 2018 a PyeongChang, masu kutse sun durƙusar da intanet ɗin filin da shafin tikiti. A watan Yuli na 2020 an kulle rumbun Garmin, kamfanin agogon motsa jiki, kwanaki, masu agogonsa suka kasa sauke bayanansu. Wani lokaci ma ba sai da kutse ba. A farkon 2018 aka gano cewa taswirar da manhajar Strava ta wallafa ta hanyoyin da mutane ke gudu ta fallasa sansanonin soja, saboda sojoji na motsa jiki da agogonsu a kunne. In kana amfani da irin wannan manhaja, shiga saitinta ka ɓoye farkon hanyarka da ƙarshenta, domin nan ne ƙofar gidanka.

Agogon motsa jiki da nake ɗaurawa, in yarda da shi?

Juya shi ka ga wani koren haske yana ƙyaftawa. Yana haska fata ne yana auna yadda jini ke kai da komo. In kana tafiya ko gudu a natse, bugun zuciyar da yake bayarwa ya kusa daidai. In kana zabura da tsayawa, ko ɗaga ƙarfe, ko agogon ya yi sako-sako, yakan ɓata lissafi, a nan ɗamarar ƙirji ta fi shi. Ka ɗaure shi sama kaɗan da ƙashin wuyan hannu, ya kama fata.

Lissafin kuzarin da ka ƙona kuwa, kada ka gina komai a kansa. Masu bincike a jami'ar Stanford sun gwada na'urori 7 a 2017, suka samu yawancinsu sun yi kyau a bugun zuciya, amma a lissafin kuzari wadda ta fi kyau ma ta kauce da kashi 27 cikin 100. Amfanin agogon shi ne gwada kanka da kanka: in bugun zuciyarka na safiya ya haura abin da ka saba kwana biyu ko uku a jere, jikinka na neman hutu ko wani ciwo na tafe. In kuwa kana jin ciwon ƙirji ko jiri, likita za ka nema ko agogon ya ce lafiya.

Ƙaramar ƙungiya da ba ta da kuɗin waɗannan kaya, ta yi yaya?

In kuɗin abu ɗaya kawai ke akwai, a sayi na'urar farfaɗo da zuciya, a koya wa mutum uku ko huɗu amfani da ita da danna ƙirji, a kuma tabbata tana bakin fili duk ranar wasa da atisaye, da batir mai rai.

Auna nauyin aiki kuwa ana iya yin sa da littafi da biro, kuma manyan ƙungiyoyi ma suna yin hakan tare da na'urorinsu. Kamar rabin awa bayan an tashi, koci ya tambayi kowane ɗan wasa shi kaɗai, ba a gaban 'yan'uwansa ba don kada kunya ta sa ya rage: daga 1 zuwa 10, yaya wahalar aikin yau? Sai a ninka amsar da mintunan da aka yi. Wanda ya ce 7 bayan minti 60, an rubuta masa 420. A tara na mako, a gwada da na makonni uku ko huɗu da suka wuce. In na wani ya yi tsalle, ko kuma aikin da kowa ya kira 5 shi ya kira shi 9, a ja shi gefe a tambaye shi barcinsa da abin da ke damunsa kafin a sa shi a wasan gaba.